Ƙudan Zuma Yana Bin Kanawa Bashi

Tsaya tukuna, Alhaji, kada ka ninke takardar. Na san ka ga ƙudan zuma a kai, ka ji ana shirin maganar zane-zane, ka yanke hukunci cewa marubucin nan ya ƙoshi. Buhun shinkafa na neman gagarar mai albashi, shi kuma ya shimfiɗa tabarma yana karɓar gaisuwar ƙwaro. Na ji. To gyara zama. Ni Bazazzagi ne, kai Bakano, tsakaninmu ba a kai ƙara. Duk abin da na faɗa maka yau sai ka haɗiye, ka kora da kunun tsamiya.

A watan Nuwamba na 2006 wani mai kiwon zuma ɗan Amurka, David Hackenberg, ya je duba akwatunansa a jihar Florida, inda yakan kai su su tsere wa sanyin Pennsylvania. Ya buɗe na farko: sarauniya tana ciki, ƙwai da 'ya'ya suna ciki, ga zuma danƙare, ma'aikata kuwa ko ƙyallinsu. Ya buɗe na biyu, haka. Ɗaruruwan akwatuna, haka. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne babu gawa. Da annoba ce ta sani, da ya tarar da matattu tuli a bakin ƙofa. Ka ɗauka ka shiga Kasuwar Kurmi da hantsi ka tarar kowace rumfa a buɗe, kaya a baje, kuɗi a cikin aljihun tebur, shayi ma bai huce ba, amma babu ɗan kasuwa ko ɗaya, kuma babu wanda ya ga fitarsu. A wancan hunturun masu kiwon zuma na Amurka sun yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen zumarsu.

Ka ce ai wannan aikin mutanen ɓoye ne, a nemo mai ruƙiyya? Kada ka ji kunya, su ma Turawan sun yi irin nasu. Akwai lokacin da suka ɗora laifin a kan wayar salula da turakun sadarwa, har jaridu suka buga. Da masu bincike suka duƙufa sai suka tarar ba ɓarawo ɗaya ba ne, gungu ne. Akwai wata 'yar kaska mai suna Varroa da take manne wa ƙudan tana cinsa, tana kuma sa masa ƙwayoyin cuta. Akwai magungunan feshi da ake kira neonicotinoid, waɗanda ke shiga jikin shuka har cikin ruwan fure, su rikita wa ƙuda hanyar komawa gida. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da iri uku daga cikinsu a fili. Akwai yunwa, don gona mai faɗin gari guda da shuka iri ɗaya tak sati biyu take ciyar da ƙuda, sauran shekara ya sha iska. Sannan ga wahalar tafiya: duk watan Fabrairu ana loda akwatuna wajen miliyan 2 a tireloli a kai su California su yi wa itatuwan almon barbara. Ci-rani ke nan na dole, ba ko sallama da iyali. Kuma maganar ba ta mutu ba, don a farkon 2025 manyan masu kiwo a Amurka sun sake ba da rahoton asarar da ta haura kashi 60 cikin 100.

Yanzu ga inda za ka fara taɓe baki. Da abin ya faru, ba masana kaɗai suka tashi ba, har da masu zane da sassaƙa da gini.

Wani Bature ɗan Ingila, Wolfgang Buttress, ya gina wa ƙasarsa rumfa a babban baje-kolin duniya na birnin Milan a 2015. Tsayinta mita 17, an harhaɗa ta da guntayen alminiyam wajen 170,000, an saƙa su gida-gida irin na saƙar zuma, da ƙananan fitilu 1,000. An sa wata na'ura mai jin motsi a cikin gidan zuma na gaske, aka haɗa ta da ginin. In ƙudajen suka kama aiki, fitilu su yi ta walƙiya, guɗar su ta cika wurin; in sun lafa, ginin ma ya lafa. A 2016 aka kwashe shi aka kai lambun Kew a Landan, mutane suna biyan kuɗin ƙofar lambun su shiga su tsaya a tsakiyarsa. Na ga kunnenka ya motsa da na ce kuɗin ƙofa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wata 'yar Kanada, Sarah Hatton, mai kiwon zuma ce ita ma. Da ƙudaje suka mutu ba ta share ta zubar ba. Ta jera gawarwakinsu dubbai a kan allo cikin zane-zanen lissafi masu juya ido, don mai kallo ya ɗanɗani jirin da guba ke sa wa ƙuda. Wani Ba'amurke kuma, Matthew Willey, tun 2015 ya ɗauki alkawarin zana ƙudan zuma 50,000 da hannunsa a bangayen duniya, adadin da ake samu a gidan zuma mai lafiya. Amma wanda na san zai burge ka shi ne Tomáš Libertíny, ɗan Slovakiya. Shi ko gumi bai yi ba. Ya ƙera ƙwarangwal ɗin tulun furanni, ya sa a cikin akwatin zuma, ƙudaje 40,000 suka saƙe shi da kaki a cikin mako guda, yau tulun yana babban gidan adana zane-zane na MoMA a New York da sunansa a jiki. Ma'aikata 40,000, ba albashi, ba kuɗin abinci, ba yajin aiki. Faɗi gaskiya, Alhaji, ba ka ji zuciyarka ta ce ina ma a Sharaɗa ba?

Ka ce duk wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, mai ciki cike shi ke yi wa ƙuda hoto? A'a, Malam. A wani kogo kusa da Balansiya a Sifen akwai zanen mutum ya hau tsani yana ɗiban zuma, ƙudaje sun kewaye shi, shekarunsa wajen 8,000. Wannan ko takalmi ba shi da shi. Manoman Slobeniya kuma, talakawa tuburan, tun ƙarni na 18 suke fentin allon gaban akwatin zumarsu. Wasu zanen na addini ne, wasu kuwa tsokana ce tsagwaronta, har da wanda namun daji suka ɗauko gawar maharbi za su kai shi makwanci. 'Yan Slobeniya ne suka matsa wa Majalisar Ɗinkin Duniya har ta ware 20 ga Mayu ta zama Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, aka fara a 2018. Ƙasar da mutanenta duka ba su kai na cikin birnin Kano da kewaye ba.

Na hango ka kana lalubar waya. Za ka nuna mini saƙon nan na WhatsApp, wai Einstein ya ce in zuma ta ƙare saura wa ɗan Adam shekara huɗu. Mayar da ita aljihu. An bincike rubuce-rubucen mutumin ba a ga wannan magana ba. Liƙa masa aka yi bayan ya daɗe a ƙasa.

Kai kuma na bayansa, mai gilashi, da ka ce ka karanta cewa ƙudan zuma ba raguwa yake ba, ƙaruwa ma yake: zo ka zauna kusa da ni, kai ne abokin gardamar. Gaskiyarka. Lissafin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna gidajen zumar da ake kiwo a duniya sun haura miliyan 100, sun fi na shekarun 1960 nesa ba kusa ba. A can ƙudan zuma dabbar gida ce. In akwati ya mutu, mai shi ya raba wani gida biyu, ya yi odar sabuwar sarauniya a kawo masa ta gidan waya. Asara ce ta kuɗi da wahala, amma iri ba ya ƙarewa. Masu shan wuya na gaske su ne danginsa na daji, don nau'in ƙudaje masu bin fure sun kai wajen 20,000 a duniya, galibinsu ba sa yin zumar da za a sayar, saboda haka ba su da mai zana su a bango. Ni ma ina ganin masu zanen Turai sun ɗan yi son kai, sun bi mai zaƙi sun bar marayu.

To ka ci wannan. Sai dai kafin ka miƙe kana kaɗa riga, gaya mini: wane mai amya ne a ƙasar Kano yake odar sarauniya ta gidan waya? Mai amya na gargajiya ba ya sayen ƙuda. Ciyawa yake samu ya saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau ɗorawa ko tsamiya ya ɗaure, ya sauko ya bar wa Allah. In ayarin zuma ya biyo ya ga gidan ya yi masa, ya tare. Wato namu ƙudan ɗan daji ne, haya kawai yake kamawa. Ran da daji ya ƙare, amya ta zama kwandon banza a saman bishiya, in ma an bar bishiyar. Ashe hujjar da ka kawo don ka kashe maganar, Turawa kawai ta wanke. Kai ta bar ka a rana.

Ka ce ai namu ƙudan jarumi ne, ba irin ragon na Turawa ba? Nan ma ban musa ba. A 1956 wani masani, Warwick Kerr, ya kai 'yan uwansa daga gabashi da kudancin Afirka zuwa Brazil. A 1957 gida 26 suka kuɓuce, suka yi ta yaɗuwa suna korar na Turai, a 1990 suka shiga Texas, Amurkawa na ta ihu suna shirya musu finafinan ban tsoro. Kaskar nan Varroa ma ba ta cin galabar ƙudan Afirka yadda take cin na Turai. Amma jarumta ba ta maganin fiya-fiya. Kuma duk zafin harbinsa bai taɓa harbin gatari ya ji ba.

Abin dariyar ke nan. Su can shekaru suka yi suna neman ɓarawon da madubin likita. Mu nan ɓarawon da rana tsaka yake tafe, da buhun gawayi a bayan babur. Kaɗanya da kirya da ɗorawa, waɗanda ƙuda ke kiwo a furensu, su ne ake sarewa a turo birni a dafa shayi. Mai lambu a Kadawa ko Kura yana goye da tankin feshi da hantsi, daidai lokacin da fure ya buɗe ƙuda ya fito aiki, alhali da ya bari sai yamma liƙis da ɓarnar ta ragu. Mai ɗiban zuma kuma ya hau da dare da damin wuta, ya kwashe zumar, ya babbake masu ita har 'ya'yansu, gobe ya zo yana cewa zuma ta yi wuya bana.

Kai ɗan cikin ganuwa kada ka ce wannan laifin mutanen ƙauye ne. Lokacin da Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Yau fa? Karanto mini sunayen unguwanninku: Rimin Kira, Durumin Iya, Durumin Zungura, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, ita kanta Kurmi. Daji guda kuke da shi a baki. Ka ɗauki sanda ka zaga ka ƙirgo mini inuwar da ta rage. Kududdufan da ƙuda ke shan ruwa an cike su da shara an dasa shaguna, ita ganuwar ma da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12 ana ta yankar ta ana fuloti. Shi ya sa kake ganin bawan Allah yana shawagi a kan baron mai rake da faifan mazarƙwaila, da rani har a kan garin masara a bakin injin niƙa. Ka ce ga darbejiya ko'ina? Tana fure, Allah ya saka mata, amma na ɗan lokaci ne, kuma ciki ba ya jiran baɗi.

Ka ce to sai me, ai tuwo ba ruwansa da ƙuda? Wallahi ka yi gaskiya, kuma ka faɗa rami. Gero da dawa da masara da shinkafa iska ce take musu barbara, ko ƙuda ɗaya bai rage ba za ka tuƙa tuwonka. Kuka ma jemage ne ke bin furenta da dare, ka gode masa in kun haɗu. Amma kabewar miyar taushe, da agushi, da kankanar buɗa-baki, waɗannan sai ƙwaro ya ɗauki garin fure daga namiji ya kai wa mace. Riɗi da kaɗanya suna ƙara 'ya'ya in ƙuda ya ziyarce su. Kusan kashi uku cikin huɗu na manyan amfanin gonar da duniya ke ci suna da buƙatar irin wannan ziyara, ko da yawa ko kaɗan. Ba za ka mutu ba. Gaya za ka ci.

Af, na manta ban gabatar maka da masu gidan ba. Wanda kuke ce wa sarkin zuma mace ce, tana iya zuba ƙwai 1,500 ko fiye a rana. Masu fita kiwo, masu gini, masu gadi, masu harbinka, duk mata ne. Kowace takan yi kamar sati shida a duniya lokacin aiki, abin da take tarawa duk rayuwarta bai kai ko rubu'in ƙaramin cokali ba. Mazan kuwa ba sa kiwo, ba sa gini, ko ƙari ba su da shi. Zama suke a ba su, in abinci ya yi ƙaranci a tura su waje. Ban ce komai ba game da majalisar ƙofar gidanku. Kai ka kalli can.

Yanzu mu zo kan bashin. Wane gari ne ya ci moriyar zuma kamar Kano? Alkakin gara da me ake tsoma shi in ana son fita kunya? Nakiya fa? Shiga kowane kantin magungunan Musulunci daga Ƙofar Wambai zuwa Kurmi ka ga abin da ke gaba a kanta, kusa da habbatussauda. Baduku yana goga wa zarensa kaki don ɗinki ya riƙe. Maƙeran fari na Agadas da kakin zuma suke fara siffanta shahararriyar sarƙarsu: su lulluɓe shi da yumɓu, su gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, su zuba azurfa a gurbinsa. Da wannan dabarar aka zuba tagullar Benin da ake ta rigimar a dawo da ita daga Turai. Kakin ya tafi, siffar ta zauna, sunan maƙeri ya fita, na ƙuda ko oho.

Da me aka saka masa? Dubi bangayen tsofaffin sorayenku. Magina sun yi dagi, sun yi takobi, da zamani ya zo har keke da agogo da jirgin sama sun hau bango. Dubi babbar riga: aska takwas, aska biyu, tambari. Dubi bayan gingimari da adaidaita-sahu: zaki, damisa, mikiya, dawisu. Zaki! Yaushe rabon da ka ga zaki in ba a gidan zu na Audu Bako ba? Me ya taɓa sa maka a fura? Amma shi ne a kowace mota, wanda yake ciyar da kai kuwa sai dai ka kai masa duka da hula.

Na san inda za ka ɓuya. Ka ce zanen abu mai rai akwai magana a kansa. Wannan fagen malamai ne, ni ba na shiga, kuma ba sai an shiga ba. Ginin nan na Kew da na ba ka labari, saƙa ce ta ƙarfe da haske da sauti. Gidan saƙar zuma kusurwa shida ne, ba ido ba baki, ɗan uwan zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Kuma ba ƙaramin zane ba ne. Tun ƙarni na 4 wani masanin lissafi na Iskandariyya, Pappus, ya ce babu siffar da ta kai ta tara abu da yawa da kayan gini kaɗan, amma sai a 1999 Thomas Hales ya kammala tabbatar da hakan a lissafe. Ƙudan kuwa bai jira sakamako ba. Kai da ka yi sauka ka fi ni sanin cewa sura ta 16 sunansa take ɗauke da shi. Halittar da ta sami wannan matsayi, a ce ta rasa ko taki ɗaya a bangon zaurenka?

Ka ce zane ba ya dasa bishiya, ba ya hana feshi? Shi kaɗai ba ya yi. Amma mutum ba ya kare abin da idonsa bai saba gani da daraja ba. Dagi ba ya harbi, ba ya noma, amma taɓa shi ka ga yadda Arewa za ta tashi. Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Marinar Ƙofar Mata, da kuke alfahari tun 1498 take, masu ɗaurin zane su fitar da ɗauri mai gida shida-shida, shuɗi da fari. Masu allura na Soron Ɗinki su sa shi a hula. Magini ya zana shi da makuba a goshin soro. Gidan Makama kuma a rataye amya guda ta gaske, da bayanin wanda ya saƙa ta da irin ciyawar da bishiyar da ake ɗora ta, don yaran makaranta da ake kawowa su san zuma ba a cikin tsohuwar kwalbar lemo take tsirowa ba.

Tunda na ambaci kwalba: wannan gwajin naku na ashana da ɗiga zuma a ruwa, da cewa wai tururuwa ba ta bin ta gaske, ku daina wahalar da kanku. Sukarin da aka dafa ya yi kauri yana cin jarrabawar nan da maki mai kyau, ita kuwa ta gaskiyar in ta daskare sai ku ce jabu ce. Kowa a kasuwa rantsuwa yake tasa farar saƙa ce daga Mambila. In duk zumar da ake sayarwa da sunan Mambila daga can take, to ƙudajen Mambila sun fi na Libertíny shan wahala.

Saura tambayar da tun ɗazu take cin ka, wadda Bakano ba ya tashi taro bai yi ta ba: nawa za a samu? Yauwa, Alhaji, yanzu ka yi magana. Ai na ce ka riƙe zancen kuɗin ƙofa. Baƙon da ya zo kallon hawan Sallah ya biya ta marina, me zai saya ya kai gida wanda bai gani a Marrakesh ba? Ba shi zane mai saƙar zuma, ka ba shi labarin amya a kai, ka faɗi kuɗi ba tare da ka sunkuyar da kai ba. In kun tsaya jan ƙafa, mu a Zariya muna da sashen koyon zane tun kafin a ba ƙasar nan 'yanci, za mu riga ku. In mu ma muka yi barci, to akwai wani a Guangzhou da ba ya barci. Zai buga muku shi a inji, yadi dubu, ku je ku saro, ku baje a Kantin Kwari, ku rantse mini cewa tun zamanin Rumfa kakanku ke ɗinka shi.